Shekarar da Sanyi Ya Ƙone Inabin Baba

Tun da aka kawo injin jan ruwa a kwarinmu na daina gane asuba da kunne. A da kukan jigo ke tashinmu. Yaran yanzu ba su tarar da shi ba: doguwar sanda ce a kan gwafa a bakin rijiya, guga a kai ɗaya, curin laka a ɗaya kan, ka ja guga ƙasa, nauyin laka ya ɗago maka ruwa. Kowace garka da irin kukan jigonta. Wani kamar jaki mai mura, wani siriri kamar yaro yana kiran uwarsa daga nesa. Ina kwance a ɗaki nakan san wanda ya riga kowa fita, da wanda ya makara, da wanda jikinsa ba daɗi, don jansa yakan yi nauyi. Yanzu ƙara ɗaya ce daga wannan bakin kwari zuwa wancan, ba ta gaya maka kome game da kowa. Ban ce injin ba shi da amfani ba, ya hutar da kafaɗun jikokina. Amma ran da na ga sun sare gwafar jigonmu sun yi girki da ita, sai na zauna na duba, na ga duk waɗanda suka taɓa riƙe igiyar nan tare da ni babu ko ɗaya. Abin da na sani game da garkar nan, in ban faɗa ba, da ni za a rufe shi.

Ni ɗiyar tudu ce, daga wajen Dogo aka kawo ni. A gidanmu hatsi muka sani, da dawa da gyaɗa. In an yi girbi an zuba a rumbu, sai a jira ruwan baɗi. Da aure ya kawo ni kwarin da ke bayan Mirriya, sai na tarar da mutanen da ba su san hutun rani ba. Ga dabino, ga lemun tsami, ga fangalin albasa da na alkama da na taba, ƙasa baƙa mai laushi, ruwa kusa har ka leƙa rijiya ka ga fuskarka. Mu uku ne a gidan: ni, da maigidana, da mahaifinsa, wanda nake kira Baba. Uwar maigidana ta rasu tun kafin a yi zancen aurenmu, saboda haka ban tarar da macen da za ta koya mini gidan ba. Baba ne ya koya mini, yana magana yana kallon wani wuri, ni ma ina amsawa kaina a ƙasa. A lokacin mace ba ta zama a ɗaki ta ce garka ta maza ce. In na gama daka na sauke tukunya, sai in gangara da fura, in ɗauki ƙaramar fartanya in riƙa buɗe wa ruwa hanya daga fangali zuwa fangali, maigidana yana jan jigo, Baba yana bin bayanmu yana gyara abin da muka ɓata. Ƙafafuna da suka saba da rairayi mai zafi sai da suka tsattsage kafin su saba da laka.

A tsakiyar garkar akwai abin da babu mai irinsa a duk kwarin, wato rumfar inabi. Baba ya ce mahaifinsa ya yi wa wani Balarabe hidima, ɗaya daga cikin fataken da ke ƙetaro hamada da ayari zuwa Damagaram. Balaraben ne ya zo da 'yan sandunan inabi a naɗe cikin jiƙaƙƙiyar fata, a kowane zango ana rage ruwan sha a yayyafa musu. Yawancinsu sun mutu a hanya. Waɗanda suka iso da rai aka dasa su a bakin rijiyar nan, suka kama, aka yi ta yankan reshe ana binnewa, har suka rufe doguwar rumfa wadda mutum zai bi ƙarƙashinta a tsaye. A zamanin da sarki ne kaɗai ke da iko, in sun nuna, kwandon farko fada ake kaiwa gaisuwa, saura na gida ne da maƙwabta da marasa lafiya. Baba ya ce har daga Hamdara akan aiko a roƙi 'yan ƙwayoyi don wani tsoho da ya kasa haɗiye abinci.

Ni ban ga wannan zamanin ba. Ko da na zo, Annasara sun riga sun zauna a Damagaram, labarin rumfar kuma ya kai kunnen kumandan. Ya zo da kansa sau ɗaya, kafin aurena. Maigidana ya ce kumandan ya daɗe a tsaye ƙarƙashin rumfar, ya cire hularsa, yana shafa ganyen. Ta bakin tafinta ya ce a ƙasarsu tuddai ne cike da wannan itace, iyayensa ma aikinsu ke nan, suna matse 'ya'yan su yi abin sha. Baba ya ce, "Mu dai ci muke yi." Daga ranar aka yanke cewa duk abin da rumfar ta haifa na bariki ne, kuma gardi, wato dogarin Annasara, zai riƙa zuwa dubawa. A madadin haka, in an zo ɗibar maza aikin dole, ba za a taɓa ɗan Baba ba. Aikin dolen nan shi ne abin tsoron kowa a shekarun. A zo wa maigari a ce ya ba da maza, a tafi da su fasa dutse, ko gyaran hanya, ko ɗaukar kayan soji a ka. Wani ya dawo bayan wata, wani bayan girbi, wani kuwa rigarsa kawai za a kawo. Don haka in na dubi rumfar nan, mijina nake gani a gida. Mutanen kwari sun san da wannan shiri, kuma ba kowa ne ya ji daɗinsa ba, don in an tsallake ƙofarmu, ƙofar wani ake bugawa.

Inabi yana da wuyar reno. In sanyi ya shigo sai ya zubar da ganye ya tsaya kamar busasshe, Baba ya rage masa ruwa, ya bar shi ya yi barci. Can tsakiyar ɗari sai ya wasa ƙaramar wuƙarsa ya yi masa abin da yake kira aski, yana datse rassa yana barin 'yan idanu a jikin kowane, ni ina bin bayansa ina tattara abin da ya faɗi. Daga nan a sake masa ruwa. Da sanyi ya fara ja da baya, idanun nan sai su kumbura su fashe, toho ya fito, kore shar, mai laushi kamar kunnen jariri, da 'yan curin fure ƙanana waɗanda su ne za su zama 'ya'ya. A wannan lokacin Baba ba ya samun barci sosai. Yakan ce sanyin tsakiyar ɗari bai dame shi ba, tun da itacen yana barci. Wanda yake tsoro shi ne mai komowa bayan an ɗauka ya tafi. Shi ya koya mini cewa sanyi yana gangarowa daga tudu ya taru a kwari yadda ruwa ke yi, shi ya sa mutanen tudu za su kwana lafiya, mu mu tashi mu tarar taba ta ƙone. Tun daga kaka muke tara busasshen kashin shanu da ƙaiƙayi a wani lungu don irin wannan dare. Yau in sanyi zai sauko, rediyo ke gaya wa mutane, wasu ma ba sa saurara. Mu kuwa fuskar Baba muke duba da la'asar.

Shekarar da nake ba da labari ina da cikin fari, ya tsufa, ina tafiya ina dafe baya. Toho ya fito da kyau, har an fara kwana ba wuta a ɗaki. Sai iska mai sanyi ta taso daga arewa, ta yi kwanaki tana kaɗawa, ran nan da la'asar ta tsaya cak. Sama ta yi tas, babu gajimare ko ɗaya. Ganyen dabino da ba ya rabuwa da motsi ya yi shiru, har muna jin dakan matan wani ƙauye da ba mu saba ji ba. Baba ya tsoma hannu a ruwan fangali, ya ɗaga shi sama, ya daɗe a haka.

"Yaro," haka yake kiran maigidana, "bar albasar nan. Juya ruwa ƙarƙashin rumfa, ka jiƙa ƙasar sosai tun da sauran rana."

Maigidana ya ce, "Baba, ai jiya muka ba shi ruwa."

"Jiƙaƙƙiyar ƙasa ta fi riƙe ɗumin rana. Ka ja."

Sa'an nan ya juya gefe, kamar da dabino yake magana, ya ce, "'Yar nan ta hau gida ta kwanta. Daren yau ba na mai ciki ba ne."

Na ce, "Baba, ku biyu ba za ku iya da rumfar nan ba."

Bai sake cewa in tafi ba.

Kafin magariba muka kwance zanakun da suka kewaye gidanmu, har gidan ya tsaya a fili, muka ɗora su a kan rumfa ta gefen tudu inda sanyi ke shigowa. Ba su rufe ko rabinta ba. Muka jera tsibin kashin shanu a ƙarƙashin rumfar da kewayenta, kowane da ƙaiƙayi da ɗanyen ganye a kai, don hayaƙi ake so. In wuta ta yi harshe, ita da kanta za ta ƙone tohon da kake son ceto. Baba ya dubi abin da muka tara, ya dubi tsawon rumfar, ya ce ba za a kunna ba sai dare ya raba, in ba haka ba ba zai kai mu asuba ba.

Muna zaune muna jira sai muka ji tafiya. Ya Fanna ce, maƙwabciyarmu, wata Babarbariya da mijinta ya rasu, ɗanta tilo kuma yana wajen aikin dole karo na biyu. Tun da aka tafi da shi ba ta sake shiga gidanmu ba, gaisuwa ma daga nesa take yi. Ga ta da babban kwandon ƙaiƙayi a ka, da tabarmi a hammata.

Baba ya ce, "Ya Fanna, taki tabar fa? Ita ma tana bukatar hayaƙin nan."

Ta ce, "Taba in ta ƙone a sake shukawa." Ta sauke kwandon kusa da ni, ta dubi cikina. "Ba don inabin Annasara na zo ba. Na san yadda gida yake in an fitar da namiji daga cikinsa. Ke kuma ɗaura wannan a ƙugu, kada sanyi ya shige ki." Ta miƙo mini wani tsohon gwado.

Da aka kunna, aikina da nata shi ne yawo da garwashi a kasko daga tsibi zuwa tsibi. Inda ya mutu mu tayar, inda ya yi harshe mu danne da ƙaiƙayi. Hayaƙin ya tashi kaɗan, sai ya kwanta a kan rumfar kamar an shimfiɗa mayafi, don babu iskar da za ta ɗauke shi. Ba ma ganin juna, da tari kawai nake gane inda kowa yake. Ban taɓa jin sanyi irin na daren nan ba, kafinsa ko bayansa. Yatsuna suka daina jin zafin kasko. Abin da ke cikina ya yi ta motsi, ina ce masa a zuci ya yi haƙuri, aikin ubansa muke yi. Baba yana bin rumfar yana taɓa toho da bayan hannu, yana salati ƙasa-ƙasa.

Gab da asuba abin ƙonawa ya ƙare. Maigidana ya ruga gida ya kwaso karan da muka ajiye na girki, har da jinkar wani tsohon rumbu. Kara kuwa da sauri yake ci, ba shi da hayaƙin kirki. Da alfijir ya keto, lokacin da sanyi ya fi tsanani, hayaƙin ya yi siriri ya buɗe, muka ga sauran taurari a kanmu. Baba ya je alwala, ya tarar ruwan ƙwarya ya yi ɓawo a sama, sai da ya sa yatsa ya fasa. Ya ɗauko guntun ya nuna mana a tafin hannu, muna kallo ya narke. Ni ban taɓa ganin ruwa ya yi haka ba. Da gari ya waye sai ga ganye duk ya yi fari-fari kamar an barbaɗa masa kanwa.

Da farko na yi murna, don tohon yana tsaye, kore. Na ce, "Baba, ai ya tsira." Ya ce, "Bari rana ta taɓa shi." Kafin hantsi ya langaɓe kamar ramar da aka zuba wa tafasasshen ruwa. Washegari ya yi baƙi, furen duk ya bushe, har na ƙarƙashin zana, in ban da 'yan ganyen da ke bakin rijiya. Kwarin ya yi kwanaki yana warin toka da ruɓaɓɓen ganye. Tabar Ya Fanna ma ta ƙone ƙurmus.

Ba a daɗe ba gardi ya zo dubawa yadda ya saba. Ya bi rumfar daga wannan kai zuwa wancan, ya murza baƙin toho a yatsa, ya ce, "Allah ya kyauta." Da aka sake zuwa ɗibar maza, maigari ya zo ƙofarmu da kansa, bai aiko ba. Ya zauna gaban Baba ya ce, "Ka san na daɗe ina tsallake gidan nan. Bana ba ni da abin da zan gaya wa mutane." Baba ya ce, "Ba ka yi laifi ba." Maigidana ya ɗauki gorar ruwa da ɗan garin da na ƙulla masa. A bakin ƙofa ya ce mini, "In kin sauka, ki aiko." Na ce to. Ban raka shi ba, ba a yin haka a lokacin. Na tsaya a tsakar gida ina ganinsa har ya hau tudu, tun da babu zanar da za ta tare mini ido. Yau ma samari suna barin kwarin nan, su tafi Kano ko arewa neman abin kansu, matansu su zauna jira. Amma su da ƙafarsu suke tafiya, kuma suna iya cewa ga lokacin da za su dawo.

Daga nan jigo ya koma hannun Baba, shi da ya daɗe da barin ja. Rabin albasa muka bari ta mutu, alkama muka yanke abin da ya samu, amma rumfar bai bar ta da ƙishi ba. Ya bi ta reshe-reshe yana yanke abin da ya mutu. Na ce a raina tsufa ne, yana wahalar da kansa a kan gawa. Wata safiya ya kira ni, abin da bai saba ba, ya nuna mini gindin wani toho da ya ƙone. A gefensa wani ƙaramin ido ya kumbura.

Ya ce, "Kowane ido yana da ƙane a bayansa, a ɓoye. In sanyi ya shiga itace sosai, har shi yake kashewa. Hayaƙinku bai ceci na fari ba, amma ya hana sanyi kaiwa ga wannan."

Na ce, "Zai yi 'ya'ya?"

Ya ce, "Kaɗan. Kuma a makare."

Na haihu da zafi ya fara, namiji. Ya Fanna ce ta karɓe shi, ita ta riƙa dafa mini ruwan wanka. Muka ba wani mai jaki saƙo zuwa Damagaram, ba mu san ko ya kai ba. Aka yi suna babu uba a wurin. Ko da na gama wanka 'ya'yan inabi sun fara ɗaukar launi, curi ƙanana, jefi-jefi. Gardi bai sake zuwa ba. Da hadarin farko ya fara haɗuwa a gabas, Baba ya yanke su duka, suka cika kwando ɗaya tak, alhali a shekarun baya jakuna ke ɗauka. Ya shimfiɗa ganye a ƙasa da sama, ya rufe da faifai. Ya ce zai kai bariki da kansa ya roƙi a sako ɗansa. Amma jigo ya riga ya cinye masa baya da gwiwa, ko tudu ba ya hawa sai da sanda. Na ce, "Baba, ku bar ni in je." Sai ya ce, "Ki ce da kumandan ga alkawari, ko da kaɗan ne."

Na bi matan Mirriya masu kai kaya kasuwa, kwando a ka, yaro a baya. Hanyar da mota ke cinyewa yanzu kafin ka gama gaisawa da na kusa da kai, mu tun sanyin safiya muke tafe, sai da hantsi ya yi zafi muka ga duwatsun Damagaram. Ban taɓa shiga garin ba. Na yi ta tambaya har aka nuna mini bayan gidan kumandan, inda ake girki. Kukun wani dattijo ne. Ya ɗaga faifai, ya gane kayan.

Ya ce, "Na garkar kwari ne. Ina tsohon?"

Na ce, "Ƙafa ta hana shi. Ya ce a gaya wa kumandan ga alkawari, a dubi Allah a sako ɗansa."

Ya mayar da faifan a hankali. "Ɗiyata, wancan kumandan ya tafi tun farkon zafi. Zazzaɓi ya kama shi, a kwance aka fita da shi. Wannan sabon bai san da wata rumfa ba, bai san da wani alkawari ba."

"To wa zan gaya wa?"

"Ni dai kuku ne. In kin bar kwandon zan wanke in sa masa a tebur. Zai ci, ba zai tambayi inda ya fito ba."

Yaro ya fara kuka a baya. Ban san lokacin da na sunkuya na ɗauki kwandon na mayar a ka ba. Kukun ya duba hagu da dama, bai hana ni ba. Ya rage murya ya ce, "Mutanen Mirriya suna bayan dutsen can, wajen sabuwar hanya. Da azahar akan bar su su sha ruwa."

Na same su a gindin wata aduwa. Gardin da ke tsaronsu ya tare ni, na ciro curi ɗaya na miƙa masa. Ya juya shi a hannu, ya koma gefe ya ba mu baya. Na wuce maigidana ban gane shi ba, sai da ya ce, "Ke ce?" Ya rame, gashi ya cika masa kai, tafin hannunsa duk ya tsage. Na kwance goyo na miƙa masa. Ya riƙe yaron nesa da jikinsa saboda garin dutsen da ya rufe masa riga, yana ta dubansa. Ashe saƙon bai kai ba. Ya tambayi suna, na ce an mayar da sunan mahaifin Baba. Ya tambayi Baba, ya tambayi rijiya. Sa'an nan ya ga kwandon.

Ya ce, "Wannan fa? Ba na bariki ba ne?"

Na ce, "Barikin ba ya nemansa."

Na buɗe. Mazan kwarinmu suka matso, har da ɗan Ya Fanna, wanda na ba shi gaisuwar uwarsa da curin da ya fi girma. Babu wanda ya yi wawa. Kowa ya ɗauki kaɗan, yana ci ƙwaya-ƙwaya, wasu ido a rufe. Wani magidanci ya ce rabonsa da shi tun yana yaro, ran da aka kai wa kakarsa tana jinya ta ɗanɗana masa. Maigidana ya tsinko 'yan ƙwayoyi ya zuba mini a hannu. Na ce ai na mutane ne. Ya ce, "Kin yi masa ban ruwa, kin sha hayaƙinsa, ba ki taɓa sa shi a baki ba. Ci." A ranar na fara sanin ɗanɗanon inabi. Fatar da kauri, cikin da ruwa, zaƙin kuma sai daga baya yake zuwa. Da gardi ya busa usur, maigidana ya miƙo mini yaron, ya ɗauki gudumarsa.

Bai dawo gida ba sai bayan an yanke hatsi, da tarin da bai rabu da shi ba har ƙarshen ransa, ko da yake Allah ya ba mu shekaru masu yawa tare. Daga bariki babu wanda ya sake tambayar rumfar. Ta koma ta gida da maƙwabta da marasa lafiya, har lokacin da ruwan kwari ya yi ƙasa a shekarun fari, ta bushe a hannun 'ya'yana.

Amma a wancan lokacin ban san ko ɗaya daga cikin wannan ba. Na kwana a unguwar Zango wajen wata 'yar garinmu, washegari na kama hanya. Duk tafiyar ina shirya abin da zan ce, don ban yi abin da aka aike ni ba, kuma ban dawo da kowa ba. Na tarar da Baba zaune a bakin rijiya. Na durƙusa na gaishe shi, na ajiye kwandon. Ya ɗaga faifai, ya ga ganye kawai.

Ya ce, "Kumandan ya karɓa?"

"An sauya kumandan, Baba. Sabon bai san da mu ba."

Ya daɗe yana kallon kwandon. "To wa ya ci?"

"Ɗanku ya ci. Da mutanen kwarinmu da ke tare da shi."

"Da hannunki kika ba shi?"

"I, Baba."

"Ya ga yaron?"

"Ya ɗauke shi."

Ya sunkuyar da kai, ya sa bakin riga ya shafe fuska. Na ɗauka faɗa zai yi, ko ya tambayi yaushe za a sako shi. Sai ya ce, "Me ya ce game da inabin?"

"Ya ce da ɗan tsami."

"Na ido na biyu ne, haka yake," in ji Baba. "Baɗi in ya ci na fari zai ji bambanci."